Kada Ka Shiga Arewa da Gazuwal Ɗin Jiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Labo Tsohon Soja a Dakoro, zuwa ga Ɗan Tsohuwa a kasuwar Korahane. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya kuma sa ta iske motarka tsaye ba ta ɗaga ba. Mu a nan lafiya muke. Uwarka tana gaishe ka, ƙannenka ma suna gaishe ka. Allah ya tsare ka, ya tsare duk wanda zai hau bayan motar nan.

Bayan gaisuwa, ga abin da ya sa na aiko, kuma ka ji shi tun kafin ka karanta sauran. Kada ka tayar da motarka Guzuma ka nufi arewa da gazuwal, wato man dizal, ɗin da ka zuba mata jiya. Ko Alhaji Mati mai motar zai yi faɗa har rawaninsa ya kwance, ko 'yan kasuwar da suka hau kan buhunan hatsi za su yi ta gunaguni, kada ka tashi. Agali, buzun nan mai farin raƙumi, shi zai ba ka takardar tare da wani ɗan ƙunshi. Na roƙe shi ya yanke ta daji don ya riga ku gama lodi. Tun da ya yarda hankalina ya ɗan kwanta, amma kaɗan ne.

Jiya da hantsi ina zaune cikin dattawa a gindin aduwar ƙofar gidan Alhaji, lokacin da kake shirin tashi. Idona na nesa ya yi rauni, shi ya sa na bar tuƙi, amma daga aduwar nan zuwa motar ba nisa ba ne. Na ga ka mirgino tanon gazuwal, babbar gangar ƙarfen nan, tun daga zaure, ka ga ya kusa ƙarewa, ka karkata shi, ka juye har ɗigon ƙarshe cikin mazurari. Ba ka bar shi ya kwanta ba, ba ka sa komai a bakin mazurarin ba. Tanon nan kuwa na san shi. Tun damina yake bayan zaure, marfinsa ba ya kama. Abin da ke gindinsa ruwa ne da tsatsa da yashi, kuma duka suna cikin tankinka yanzu. Alhaji yana tsaye a kanka yana cewa, "Maza hwa, yaro, rana na yi." Kai kuma kana cewa to, to, kana sauri.

Na gani, bakina ya buɗe, sai wani dattijo ya taɓa ni ya ce, "Labo, ga wancan naka ya zama direba, Allah shi yi albarka." Na kau da kai kamar yadda aka saba, na ce wane nawa, ai ɗan tsohuwa ne. Aka yi dariya. Kafin dariyar ta ƙare ka ɗaure marfin tanki, ka hau, ka tafi.

Ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka. Tun da aka yaye ka tsohuwata ta ɗauke ka, a ɗakinta ka girma. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama da kai tabarma ɗaya ba, in ina son ka yi abu ƙanenka nake aikowa. Da ka nuna kana son mota, ni da na tsufa a cikinta, sai na tura ka Maradi wurin Bawa makanise, don kada a ce Labo yana zaune da ɗan farinsa yana koya masa sana'a kamar aboki. Bawa ya iya kwance inji ya ɗaura, ba ni da ja. Amma Bawa mutumin garaji ne, bai taɓa kwana da ƙishirwa ba. Abin da hanyar arewa ke so, ni na san shi, kuma na riƙe shi a ciki ban ba ka ba.

Da na koma gida uwarka ta kawo fura, na tura ta gefe. Da magariba ta kawo tuwo, na taɓa na bari. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, mi ya hwaru? Tun da kad dawo ba ka ce uffan ba." Na gaya mata abin da na gani. Ita ma ba ta iya faɗin sunanka, ka sani, amma ta fi ni zuciya. Ta ce, "Kana kallo wancan yaro ya zuba ma mota guba, kac ce ba naka ba na? To in bakinka ba shi iya hwaɗi, hannunka na iyawa. Ga alƙalami can, ga tawada." Ban taɓa jin ta yi mini magana da wannan murya ba. Da asuba na yi salla na zauna, ga shi ina rubutawa.

Tun da bakin ya buɗe, bari in faɗi duka, don ban san ko zan sake samun ƙarfin hali irin na yau ba. Ba zan ba ka labarin gwanintata ba. Wautar da na yi zan gaya maka, ita ta fi amfani.

Guzuma ta girme ka a wahala. Sojan Nasara sun gama cin amfaninta kafin Alhaji ya saye ta a gwanjo, ni na fara tuƙa masa ita, ni kuma na sa mata sunan, don tafiyarta irin ta tsohuwar saniya ce, ba sauri, ba gajiya. Tsohuwar mota mai shan gazuwal ba ta da yawan fitina. Mai mai tsabta take so, da iska mai tsabta, da ruwa mai daɗi, da gazuwal tatacce. In ka ba ta waɗannan za ta kai ka ta dawo da kai. In ka hana ta ɗaya, ba za ta gaya maka a gari ba, sai kun yi nisa da rijiya.

Wautata ta farko a kan man inji ce, kuma har yau ana yi mini dariya da ita a Kornaka. Ranar kasuwa ce, na zaro sandar awon mai na ga ya yi ƙasa, galan ɗina kuwa wayam, na manta ban cika ba. Na duba na ga wata mata tana sayar da man gyaɗa, na ce a raina mai ai mai ne. Na saya na zuba. Matar tana kallona ta ce, "Soja, ƙosai za ka soya a cikin ta?" Ashe ta fi ni hankali. Kafin mu iso Dakoro duk hanya ƙanshin suya take, yara suna bin mu. Da aka buɗe injin daga baya, ciki ya yi danƙo kamar ƙaro, sai da aka kankare da wuƙa. Saboda haka kada ka bar gari ba galan ɗin mai cike a bayan kujerarka. Kowace safiya, kafin ka tayar, ka tsayar da ita a wuri mai daidai, ka zaro sandar, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ka murza man tsakanin yatsunka. Baƙi ba laifi ba ne, man motar gazuwal da wuri yake baƙi. Amma in ka ji yashi-yashi, ko ya tsinke kamar ruwa yana warin gazuwal, ko ya yi fari-fari kamar an dama nono a ciki, kada ka tafi ko'ina.

Bidanji kuma, wato canjin man inji, kada ka jira sai Alhaji ya ce a yi, don ba zai taɓa cewa ba. Shi ganinsa mai muddin yana cikin inji bai ƙare ba. Lasidan, hafsan da ya koya mana mota a soja, yana da littafi mai faɗin lokacin canjin mai, amma don hanyoyin ƙasarsu aka rubuta shi. A rairayinmu mai ba ya kai wannan lokaci. Duk tafiyar arewa in ka dawo, ka zubar. Ka zubar da shi injin yana da zafi, don a lokacin ne dattin ke biyo man ya fita. Ni na taɓa yi da sanyin safiya saboda gaggawa, man ya fito a hankali kamar zuma, na ga ya tsaya na ɗaure, ashe laka duk tana kwance a ƙasa. Sabon man da na zuba bai yini ba ya lalace. In ka kwance toshin ƙasa ka duba bakinsa a rana. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, injin yana cin kansa ne, ka kai wa Bawa. Filtir ɗin mai kuwa tare suke tafiya da man, kada ka zuba sabo ta cikin tsohon filtir. Wurin ɗaure toshin kada ka nuna ƙarfi, ni na taɓa murɗe ɗaya har haƙoransa suka cinye, muka yi ta toshewa da tsumma. In ka tayar, idonka a kan allurar mai har ta tashi, sannan ka leƙa ƙasa ka ga ko tana ɗiga.

Tsohon man kada ka zubar a ƙasa. Ka tara a galan ka tafi da shi arewa. Buzaye da Fulani suna nemansa su shafa wa raƙuma masu ƙazuwa. Ka ba su kyauta, kada ka karɓi komai. Wanda ka ba baƙin mai yau, shi zai gane sawun motarka in ta ɓata. Ni da Agali haka muka san juna.

Wautata ta biyu a kan iska ce. Ka san tukunyar nan da ke gefen inji, mai mai a ƙasanta da ragar ƙarfe a sama. Duk iskar da Guzuma ke shaƙa ta nan take bi, yashi ya maƙale a man. Shekarar da ake aikin hanyar bariki na yi ta jigilar ƙasa ban buɗe ta ba, ina cewa gobe. Motar ta fara baƙin hayaƙi, ta kasa hawa ɗan tudun da jaki ke hawa da kaya. Da na buɗe, babu mai ko kaɗan, laka ce busasshiya, da an shuka gero zai fito. Yashin da ya wuce ya riga ya goge cikin inji, daga nan ne ta fara shan mai har yau. Da na gane kuskurena sai na wuce gona da iri, na cika tukunyar fal don in rama. Injin ya zuƙi man, ya kama ruri shi kaɗai, na kashe ya ƙi mutuwa, mutane suka watse da gudu. Da ƙyar na toshe bakin iskar da buhu. To a hanyar arewa kullum ka buɗe tukunyar nan. Ka kwashe lakar, ka wanke ragar da gazuwal, ka bar ta ta tsane, ka zuba mai daidai zanen da ke jiki, kada ka wuce shi.

Ta uku ruwa. Rijiyoyin arewa da yawa ruwansu yana da kanwa. Mutum ya sha ya yi ta zawo, radiyata ta sha ta toshe. Ni ban yarda ba sai da na ga farin abu ya kama cikinta kamar gindin tsohuwar buta. Ka ɗauki ruwan motarka daga gida, kuma ka raba shi da na sha, kowanne da mazubinsa. In damina ta zo ka tara ruwan sama a kwalba saboda batir. In ta yi zafi tana tafasa, ka tsaya, ka juya hancinta wajen iska, ka jira. Kada ka buɗe marfin, kada kuma ka zuba mata ruwan sanyi. Tabon da ke hannuna na dama, wanda ƙannenka ke cewa na yaƙin Nasara ne, ba harsashi ba ne. Marfin radiyata ne na buɗe don wani ɗan kasuwa yana ce mini za a tashi kasuwa bai iso ba. Belt ɗin fanka kuma ka taɓa shi kowace safiya, ka riƙe wani a ajiye.

Yanzu na zo kan wadda ta hana ni cin tuwo. Ka san Tanko mai fatu, abokina, uban su Hajo. Ka san kabarinsa ba a Dakoro yake ba. Kana ƙarami lokacin, abin da ka ji shi ne mota ta mutu mana a daji. Haka ne, amma ga yadda ta mutu.

Bazara ce, mun kai hatsi rijiyoyin da ke gaba da Azagor, Tanko yana gaba kusa da ni, mutane kaɗan a baya. Muka sauka wurin wani mai zango, dattijon kirki. Ya yanka mana akuya, ya shimfiɗa mana tabarma, aka yi shayi. Da za mu tashi ya ce a mirgino wani tano da masu haƙar rijiyar Nasara suka bari a wurinsa. Ya ce, "Baƙona, ni ba ni da abin da ke shan wanga. Na aje ma shi tun bara. Amshi, kyauta ta." Da na ji bara sai na matsa kusa da tanon. Na buɗe na shinshina, na san akwai ruwa. Jar hulata ta soja, wadda nake tace gazuwal da ita, tana cikin aljihuna, hannuna yana kanta. Amma dattijon yana tsaye yana murmushi, 'ya'yansa da surukansa sun kewaye mu. Na ce a raina, yaya zan tace kyautar mutum a gabansa, kamar ina ce masa abin da ya ba ni ƙazanta ne? Yaya zan ce a bari ya kwanta, bayan na ci akuyarsa? Tanko ya raɗa mini, "Labo, ba ka tacewa?" Na ce masa, "Bari, kunya." Na juye duka, muka yi godiya, muka tafi.

Da fari lafiya lau, har na fara cewa tsorona ne kawai. Muddin hanya tana da laushi, dattin yana kwance a gindin tanki. Da muka shiga wurin da ƙasa ke da kunya-kunya kamar ta gona, mota tana tsalle, sai komai ya dame. Ta fara tari, ta ja, ta saki, ta ja, ta mutu. Na kwance filtir na wanke, ta tashi, muka ɗan taɓa, ta sake mutuwa. Na yi ta yi har batir ya ƙare. Rijiyar baya ta yi nisa, ta gaba ba mu kai ba. Ruwan salka ya ƙare, muka koma na radiyata, mai tsatsa, muna tacewa da bakin rawani. Akwai mace da jinjiri a bayan motar, kukan yaron ya yi ta raguwa har ya koma kamar na ɗan akuya. Tanko ya ce shi ba zai zauna yana jin wannan ba, ya ɗauki salka ya ce ya san wata rijiya ta gabas. Na ce ya bari rana ta yi sanyi, bai saurare ni ba.

Agali ne ya ga sawun mota ya shiga bai fito ba, ya biyo da raƙuma da ruwa. Matar ta rayu, jinjirin ya rayu, ni ma ga ni. Tanko kuwa a gindin wata ƙaya aka same shi, salkar tana hannunsa babu komai a ciki. A nan muka binne shi. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Amma ni na san hular tana cikin aljihuna.

Na yi rantsuwa a kan kabarin nan cewa kunya ba za ta sake sa ni yin shiru a kan gazuwal ba. Na riƙe rantsuwar a gaban Alhaji, na riƙe ta a gaban gardi, dogarin kumandan, wanda ya taɓa tsaya mini da bulala yana cewa in yi sauri. Sai jiya, a kan ɗan da na haifa, na karya ta. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. In na rufe ido ƙayar nan nake gani.

To ga abin da za ka yi, ka bi shi daki-daki. Ka bar motar inda take a wuri mai daidai, kada ka motsa ta, don abin da ke ciki ya kwanta. Ka samo babban kwano mai tsabta, ka shiga ƙarƙashi, ka sassauta toshin gindin tanki a hankali. Abin da zai fara fitowa ka duba shi da kyau, za ka ga ruwa yana kwance a ƙasan kwano, gazuwal yana bisa, da jan gari-gari. Wannan ka zubar, kada ka ji tausayinsa. Ka ci gaba har tankin ya ƙare sarai, ka ɗauraye shi da ɗan mai kyau. Wanda ya fito garau ka bar shi ya kwanta a inuwa, ka kwashi na sama, ka mayar ta cikin abin tacewa. Sannan ka kwance 'yar kwalbar da ke ƙarƙashin famfon gazuwal, ka zubar, ka goge, ka lura da robar bakinta kada ta faɗi cikin yashi. Filtir ɗin gazuwal ka sa sabo in Bawa ya ba ka, in babu ka wanke tsohon cikin gazuwal mai tsabta, da hannu mai tsabta, ba a ƙasa ba, a kan tabarma.

In ka gama kada ka hau ka yi ta murza makulli, za ka kashe batir a banza, don iska ta shiga hanyar man. Ka sassauta 'yar ƙusar da ke saman filtir, ka yi ta danna famfon hannu. Gazuwal zai fito da kumfa, ka ci gaba, har ya fito sumul babu kumfa ko ɗaya, sannan ka ɗaure. Ka yi haka a kan babban famfo. In ta tashi ka bar ta ta yi ta aiki a tsaye, ka saurare ta. Daga yau kuma kowace safiya ka leƙa 'yar kwalbar nan. Kada ka bar tanki ya yi ƙasa sosai, ka cika shi da yamma in kun sauka. Tano kuma in an mirgino shi, a bar shi ya huta kafin a ɗiba, kuma na gindinsa ba na mota ba ne, na wanke kayan aiki ne.

Na san abin da ke ranka yanzu. Kana cewa yaya za ka dubi Alhaji, wanda ya ba ka mota ya fifita ka a kan manya, ka ce masa ba za a tashi ba, kuma gazuwal ɗinsa za a zubar. Na san halinka, ko ban zauna da kai ba ina kallonka daga nesa. Kai mai sunkuyar da kai ne, irina. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Alhaji, a yi mani haƙuri, akwai ruwa cikin tanki, in munka shiga daji da shi ba mu hita." In ya yi faɗa ka yi shiru, amma kada ka hau. In ya matsa, ka kai masa kwanon ya gani da idonsa. In ya ƙi gani, ka ce Labo ne ya ce, ya zo Dakoro ya yi faɗan da ni. Alhaji yana da baki amma ba mugu ba ne, kuma yana cikin waɗanda suka zo mini gaisuwar Tanko. In ma ya karɓe motarsa, ka hau raƙumi bayan Agali ka dawo gida, akwai gona. Ba wanda zai yi maka gori a gidan nan.

Haka kuma duk inda ka sauka a arewa. Za su karɓe ka hannu biyu, mutanen kirki ne. Ka ci abincinsu, ka sha shayinsu, ka girmama tsofaffinsu. Amma in an ba ka gazuwal, ko na wane ne, ka tace shi a gaban mai shi. Ka ce masa tsohuwar mota ce, cikinta ba ya son komai sai tatacce, ka ɗora laifin a kanta. Zai yi dariya ya taya ka riƙe mazurari. Wannan 'yar maganar ce ban samu ba a waccan rana.

Ƙunshin da Agali zai ba ka, jar hular ce. Ta koɗe, tana wari, uwarka ta sha yunƙurin jefar da ita. Da ita na yi soja, da ita na tace duk abin da Guzuma ta sha bayan Tanko. Ka kifa ta cikin mazurari, ka zuba a hankali, za ka ga abin da take tarewa. In ta jiƙe da ruwa ka matse ka shanya kafin ka sake. Kada ka ba kowa aronta, kada kuma ka bar ta a aljihu.

In kun dawo, kada ka aiko ƙanenka ya ce mini kun iso. Ka shigo da kanka, ka zauna a tabarmata, mu buɗe injin nan tare in nuna maka sauran. Dattawan gindin aduwa su faɗi abin da za su faɗa.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Allah ya tsare ka daga ƙishirwa da ɓatan hanya da mutuwar mota a inda babu mutane. Allah ya sa ka gama da iyayenka lafiya, ya jiƙan tsohuwar da ta raine ka, ya jiƙan Tanko. Uwarka tana tsaye a kaina tana cewa in yi sauri, Agali ya ɗaura sirdi. Na ce mata saura kalma ɗaya, ta juya baya don kada ta ga ina rubuta ta.

Usmanu. Usmanu, ɗana, ka tace man nan ka dawo mana.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, Labo.